Ruwan Ɗorawa a Falon Hajiya Inna

Samari uku ne suka zo rumfata a Karaye watan da ya wuce, kowanne da sabuwar rola a hannu, suna so in riƙa tafiya da su wurin aiki. Na tambayi babbansu inda ya koyi fenti. Ya ce a waya ya gani, kuma abin ba wuya, tsomawa ne da shafawa. Ban yi musu faɗa ba. Na ce zan rubuta abin da na sani, duk mai son sana'ar ya fara karantawa. Sunana Ado. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, saboda haka zan bi maganar daki-daki, yadda nake bin bango.

Aikin farko da maigidana Malam Ɗanjuma ya ba ni, Allah ya jiƙansa, kankare bangon wani shago ne a kasuwar Rogo. Ya miƙa mini ƙarfen kankara da samfefa, wato takardar gurza bango, ya nuna mini bangon, ya tafi. Kwana uku na yi ina gurza har fatar yatsuna ta saluɓe. Da ya dawo bai dubi bangon ba. Ya rufe ido ya bi shi da tafin hannu, duk inda ya ji tudu sai ya ɗiga gawayi. Na sake kwana biyu. Shekara guda cur na yi a hannunsa ban taɓa launi ba, daga kankara sai wankin buroshi sai riƙe tsani.

Tsarin da ya koya mini biyar ne, kuma ba a tsallake ɗaya. Na farko, ka dubi bango ka san ko ya bushe, ko yana tsotsar ruwa daga ƙasa. Na biyu, ka kankare tsohon fenti. Na uku, ka liƙe ramuka da tsaga, ka jira su bushe, ka goge. Na huɗu, ka shafa fari. Na biyar ne launi. Mutanen gida na biyar ɗin kawai suke gani, shi ya sa suke zaton aikin wuni ɗaya ne.

Kayan aiki ba su da yawa. Buroshi babba da ƙarami, rola, bokiti biyu, tsani, igiya da alli na fitar da layi, da tsummoki. Fenti iri biyu ne. Akwai na ruwa, wanda ake tsinka shi da ruwa, yana bushewa da wuri, ba shi da wari sosai. Akwai na mai, mai sheƙi, wanda ake iya wanke shi da soso. Shi ba ya haɗuwa da ruwa, sai da wani sinadari da muke kira tina. Yana da nawar bushewa. Da rani yakan so wuni da kwana kafin a sake shafawa, da damina kuwa har kwana biyu.

Wani manomi a Falgore ne ya koya mini halin ruwan ɗorawa. Falonsa shuɗi ne, ya ce in mayar masa da shi rawaya, kuma ba ya son a ɓata lokaci wajen shafa fari. Lokacin ban daɗe da cin gashin kaina ba, na biye masa. Muka wayi gari falo ya zama kore kamar gonar albasa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi da yake wuni cikin ganye, me zai sa ya dawo gida ya tarar da wani. Na kankare, na sake daga farko. Tun daga nan na san cewa a duk launuka babu marar sirri kamar rawaya. Ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Dole a yi masa shimfiɗar fari, sannan a shafa shi sau biyu, wani lokaci sau uku. Kuma yana canza fuska. Wanda ka gani da hantsi kamar ƙwanduwar ƙwai, da la'asar sai ya koma ruwan goro. Shi ya sa nake shafa kamar faɗin tafin hannu a bango, in ce mai gida ya duba da safe, ya sake dubawa da yamma, kafin in buɗe babban gwangwani.

Akwai abin da masu fenti da yawa suke yi, kuma za ku gan shi. Maimakon tina, sai su tsinka fentin mai da fetur. Ya fi sauƙin samu, kuma yana sa fenti ya sha iska da wuri. Malam Ɗanjuma ya hana ni. Bai yi mini dogon bayani ba, cewa ya yi fetur na mota ne. Na kiyaye shekara da shekaru. Sau ɗaya na karya.

A shekarar da babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Kabiru ya zo rumfata ranar Asabar. Mahaifiyarsa, wadda kowa a Unguwar Hajji yake kira Inna, ta tafi aikin Hajji, kuma an bugo waya an ce jirginsu zai sauka ranar Alhamis. Kun san al'ada. Mahajjaci ba ya dawowa ya tarar da gida yadda ya bar shi. Ana gyara falo, domin a nan zai zauna kwana da kwanaki yana karɓar masu barka da sauka. Na je na duba falon. Na ce aikin kwana shida ne in an yi sa'ar rana. Kabiru ya ce kwana huɗu ne a hannunmu. Na ce ba zai yiwu ba. Ya haɗa ni da Allah, ya ce tsohuwar nan tun suna ƙanana take tara kuɗin kujerar nan da sana'ar ƙuli-ƙuli, kada ta dawo ta zauna a bango mai dauɗa. Na amsa. Kuskurena na farko ke nan.

Yayarsa Rabi ce ta zaɓi launi. Tana aure a Rogo Sabon Gari, 'ya'yanta huɗu, ta zo ne musamman don shirya gidan. Mace ce mai baki da raha. Na shafa mata gwaji a bango, ta leƙo daga tsakar gida ta duba.

"Malam Ado, wannan ai ruwan kunun jiya ne," in ji ta. "Ka ji tsoron Allah."

Na ƙara launi, ta ce yanzu kuma na mayar da shi rigar 'yan makaranta. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta ɗebo garin ɗorawa a marfin kwano, ta aiko mini da shi, ta ce in bai yi kamar wannan ba in tattara buroshina. Na haɗa har ya yi daidai. Ta ce kuma ba ta son rabi na mai rabi na ruwa yadda aka saba, na mai take so daga ƙasa har silin, domin jama'a za su jingina, kuma man kai yana ɓata bango. Magana ce mai hankali. Ta riga ta sayi labule fari mai zanen rawaya, da leda ruwan ƙasa ta shimfiɗawa, an jingine ledar a naɗe a kusurwar falon.

Ranar Lahadi na kankare na liƙe. Ranar Litinin na shafa fari. Da na zo ranar Talata na taɓa bangon, farin yana kama yatsa, domin an wuni ana yayyafi. Na yi lissafin kwanaki, na ga ba zan kai ba. Na fita bakin titi wurin 'yan bumburutu na sayo galan ɗaya na fetur. Kuskure na biyu. Na tsinka fentin da shi, na yi shafawa ta farko. A ranar ne kuma Lawan mai gyaran wuta ya zo ya ɗaura sabuwar fanka da ƙwayaye biyu a silin. Mun gaisa, ya yi aikinsa, ya tafi.

Ranar Laraba na yi shafawa ta biyu, na gama dab da azahar. Falon ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sai hadari ya haɗo daga gabas da iska. Ɗanyen fenti yana kama duk abin da iska ta kwaso, saboda haka na rufe tagogi biyun, na sa sakata. Kuskure na uku. Na zuba fetur a roba na jiƙa buroshi, na bar galan ɗin a bayan ƙofa ba murfi, da tsummokin da na goge hannu. Na huɗu. Na ja ƙofa na fita masallaci, da niyyar in ci abinci in dawo. Kabiru yana kasuwa. Ban yi sallama da matan gidan na ce kada a shiga ba, domin ban saba magana da matan gida ba sai in sun yi mini. Wannan shi ne na biyar, kuma shi ya fi sauran.

Abin da ya faru bayan fitata, daga bakin matan na ji shi daga baya. Rabi ta buɗe ƙofar ta ji wari. Ta ce Inna tana da ciwon ƙirji, ba za ta iya zama cikin wannan ba, gobe-gobe za ta sauka. Ta yi abin da kowace mace a ƙasar nan take yi idan ɗaki yana wari. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta shiga, ta turo ƙofa don ƙamshin ya kama ɗakin. Tururin fetur ƙasa yake kwanciya. Ita kuma ta durƙusa ta ajiye kaskon, ta hura garwashin.

Ina wurin mai shinkafa da wake, loma ta uku, na ji ƙara kamar an jefar da durom daga saman mota. Kafin in isa, hayaƙi baƙi yana fita ta tagogin da suka fashe. Rabi ta fito da kanta, tufafinta suna ci. Matan suka lulluɓe ta da bargo. Maza suka yi ta kamfatar ruwa da ƙasa, ruwan sama kuma ya sauko ya taimaka, wutar ba ta tsallaka sauran ɗakuna ba. Aka kai ta asibitin gari, daga can aka wuce da ita Kano.

Tun kafin motar da ta ɗauke ta ta bar unguwa mutane suka yanke hukunci. Wani ya ce an kawo wutar lantarki daidai lokacin. Wani ya ce ai jiya aka taɓa wayar silin. Matan sun faɗi maganar kasko, amma babu wanda ya kula, domin kullum ana turara ɗaki a kowane gida, ba a taɓa jin ya tashi ba. Roba da galan sun narke sun haɗe da ledar. Sunan Lawan ya shiga bakin kowa. Kafin magariba samarin unguwa suka rushe masa rumfa, suka fasa masa baki, sai da mai unguwa ya shigar da shi gidansa. Abin da ya fi muni, Lawan da kansa ya yarda. Ya ce akwai inda ya haɗa waya biyu a cikin silin, wataƙila bai naɗe da kyau ba.

Ina tsaye ana wannan magana. Aka tambaye ni ko na ga wani abu a aikinsa. Na ce ni bango nake kallo.

Jirgin bai zo ranar Alhamis ba, aka ce an ɗaga. Rabi ta rasu ranar Juma'a da hantsi. Aka kawo ta Karaye, aka yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kabiru ya riƙe hannuna a maƙabarta ya ce in yi haƙuri, wahalata ta tafi a banza. Na ce Allah ya jiƙanta.

Ranar Lahadi aka yi sadakar uku a ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, liman yana nan, mai unguwa yana nan, mijin Rabi ya zo daga Rogo da 'yan'uwansa. Sai ga Lawan, leɓensa a kumbure. Ya tsuguna ya yi ta'aziyya, ya miƙa hannu, babu wanda ya karɓa. Ya koma can ƙarshen tabarma ya zauna a ƙasa. Na ji wani daga dangin mijin yana cewa gobe za a kai maganar gaban hukuma. Da aka shafa fatiha na miƙe na matsa gaban liman.

"Allah gafarta Malam, ina da magana. Ba waya ba ce. Fetur ne. Ni na tsinka fentin da shi, ni na rufe taga, ni na bar galan a buɗe, kuma ban gaya wa kowa ba."

Kabiru ya tambaye ni tun yaushe na san haka.

"Tun ina wurin mai abinci, da na ji ƙarar."

"Kana kallo aka daki mutumin nan?"

"Ina kallo."

Kabiru ya tashi ya shiga gida. Lawan ma ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya bi ta gabana bai dube ni ba.

Inna ta sauka ranar Laraba, kwana shida bayan ranar da aka sa. An ɓoye mata a waya, aka ce wayar Rabi ce ta lalace. Sai a zaure liman ya gaya mata. Ban je ba, amma an ba ni labari. A tsakar gida aka yi mata shimfiɗa, ƙarƙashin rumfar kwano. Masu shigowa suka rasa da wace gaisuwa za su fara. Wasu su ce Hajiya barka da sauka, sannan su ce ya haƙuri. Wasu su fara da haƙurin. Tana amsa duka biyun, tana miƙa dabino.

Mijin Rabi bai kai ni ƙara ba. Ya ce ya bar wa Allah, danginta ma suka yafe diyya. Liman ya kira ni ya ce yafewarsu ba ta ɗauke mini kaffara ba, azumin wata biyu ne a jere, in na sha ɗaya ba uzuri in koma farko. Na fara washegari.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Gida uku da na karɓi aikinsu suka aiko a ce in dakata. Babu wanda ya zage ni a fuska. Sai dai in na wuce majalisa a yi shiru, kuma sunana ya tashi daga Ado mai fenti ya koma Ado mai fetur. Na je Rogo neman aiki, na tarar labarin ya riga ni. Wani mai shago ya ce zai ba ni fentin ƙofa, amma a waje zan yi, kuma zai tsaya a kaina. Na yi. Bayan wannan babu. Na tafi Falgore ƙwadago, na yi karyar masara da yankan dawa da bakin azumi. Na sayar da tsani, na sayar da rola. Buroshi biyu na rage, na naɗe su a takarda. Lawan bai sake kafa rumfarsa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kano. Sau biyu ina zuwa inda yake in nemi gafara. Na farko aka ce ba ya nan. Na biyu ya fito, ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, ya koma ciki.

Aiki ya dawo a hankali, daga ƙauyuka tukuna. Tun daga lokacin tsarina ya zama takwas. Na shida, fetur ba ya shiga gidan da nake aiki, ko mai gida ne ya kawo. Na bakwai, ba na rufe taga a kan ɗanyen fentin mai, gara iska ta ɓata shi in sake. Na takwas, kafin in buɗe gwangwani sai na tsaya a bakin tsakar gida na yi sallama, na gaya wa matan gidan da bakina cewa kada garwashi ko ashana ko risho su kusanci ɗakin. Wasu mazan ba sa son haka. Wanda bai yarda ba, ya nemi wani mai fenti. Haka kuma wanda ya ce mini jirgi zai sauka jibi, ko biki saura kwana uku, ina gaya masa kwanakin da bango yake so, in bai yi masa ba mu rabu lafiya.

Da shekara ta zagayo, alhazan bana sun fara dawowa, Kabiru ya aiko a ce Hajiya Inna tana nemana. Na je bayan la'asar. Falon yana nan a kulle, an toshe tagoginsa da kwano. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Na tsuguna daga nesa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ta ce an gaya mata na gama azumin. Na ce na gama. Ta ja carbinta, sannan ta dube ni.

"Malam Ado, abu ɗaya nake so in sani. Fetur ɗin nan, kwana nawa ya rage maka?"

"Kwana biyu, Hajiya."

"Kwana biyu," in ji ta. "Mu kuwa muna can Jidda zaune a kan jakunkuna."

Ta sa hannu ƙarƙashin filo ta ciro wani ƙulli a baƙar leda. Ta ce ranar Talatar da na yi shafawa ta farko, da yamma, Rabi ta kira ta, tana ta yabon falo, ta ce mai fentin nan yana da haƙuri, ta wahalar da shi a kan launi bai yi fushi ba, a saka shi cikin waɗanda za a kawo wa tsaraba. Washegari da safe Inna ta sayi wannan a wurin masu talla a sansaninsu. Ta ce shekara guda tana ɗaukowa tana mayarwa.

"Ba ni na ba ka ba," ta ce. "Saƙonta ne. Ba na so in mutu da shi a hannuna."

Ta turo ƙullin a kan tabarma. Na matsa na ɗauka. Farar hula ce da carbi. Na yi godiya yadda ake yi wa mai tsaraba, na ce Allah ya karɓi ibada, Allah ya maimaita. Ta ce amin, ta juya fuskarta wajen bango, ta ce in gaida gida.